Duniyar da muke hana 'ya'yanmu, da wadda muke koya musu

Ka tara iyaye masu bi a unguwar Zariya ta Maraɗi, ka tambaye su abin da ake nufi da son duniya, kafin ka rufe baki an nuna maka yaro. Wannan ya ce waya ce da ba ta barin hannunsa, wancan ya ce askin banza da waƙoƙin da ba su da kai, uwa kuma ta ce ai 'yan matan yanzu ba su san komai ba sai kwalliya da saurayi mai babur. Haka wa'azin taron matasa yake shekara da shekaru: a tsaya gaban yara a lissafa musu tarkunan Shaiɗan, a kira masu tuba su fito gaba, a yi addu'a, a watse. Ban ce ƙarya ake faɗa musu ba. Cacar waya ta cinye kuɗin makarantar yara da dama a garin nan, kuma duk malamin da ke riƙe da aji yana gane ɗalibin da ya kwana yana latsa waya daga gyangyaɗin da yake yi da ƙarfe tara na safe.

Amma yaro ba ya ƙirƙiro zuciya biyu da kansa, gadonta yake yi. Tun kafin ya mallaki waya ya riga ya gane abin da gidansu ya fi tsoron rasawa, da irin baƙon da ake shimfiɗa wa sabuwar tabarma, da irin labarin da ke sa fuskar mahaifinsa ta washe. Daga nan yake karanta wanda ake bauta wa da gaske. Da iyaye da malamai Kirista nake magana, domin su na fi sani, amma 'yan'uwana Musulmi masu karanta wannan shafi ba za su rasa abin da ya yi kama da nasu gida ba.

Yana da kyau mu tuna inda muka samo wannan ma'auni namu. 'Yan mishan na SIM sun shigo Nijar ta Damagaram a 1924, wajen ƙarshen shekarun 1920 suka zauna a Tibiri, daga baya Maraɗi, sannan asibitin Galmi a 1950 da wurin jinyar kutare na Danja a 1956. Kakanninmu da suka karɓi bishara a hannunsu sun karɓe ta tare da jerin abubuwan da mai bi ba ya yi: ba giya, ba taba, ba laya, ba zuwa wurin bori, ba ƙarin mata. A zamanin, jerin yana da dalili. Mutumin da ya tuba a Tibiri, garin Sarkin Gobir, inda Inna ke riƙe da bori kuma kowane biki da nasa kiɗan, yana bukatar iyaka da ido zai gani, shi ya san inda ya tsaya, danginsa ma su sani. Illar jerin ita ce duk abin da ke cikinsa abu ne da ake gani daga waje. Giya tana da wari, kwaɗayi ba shi da shi. Mutum yana iya shekara arba'in bai taɓa kusantar kwalba ba, a naɗa shi dattijon ikilisiya, alhali kuɗi sun bugar da shi fiye da yadda burkutu ke bugar da mashayi, kuma babu ranar da za a kira shi gaban majalisa a ba shi horo. Mun gaji ma'aunin da ke kama laifin yaro da na talaka, yana barin na mai gida ya wuce.

Ga shi kuwa a Maraɗi muke. Garin nan ciniki ne ya gina shi: gyaɗa a zamanin Faransawa, sannan fataucin kaya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Har wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi guda a 1986 a kan Alhazan Maraɗi. Yaron da ya tashi a nan ba ya bukatar a gaya masa abin da ake auna mutum da shi. Yana ganin gidajen da ke tashi a sababbin unguwanni, yana ganin sa'ansa da ya bar makaranta ya shiga sayar da fetur a kwalabe ya riga shi sayen babur, ya ji labarin waɗanda suka tafi haƙar zinariya a Jado tun 2014, waɗanda suka dawo da abin hannu ake ba da labarinsu, waɗanda ba su dawo ba a yi shiru. Wannan iska kowa ke shaƙarta, Musulmi da Kirista.

Sai dai mu akwai wani ƙari a kanmu wanda ba mu cika faɗa ba. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Wanda yake 'yan tsiraru a unguwa, wanda aka taɓa yi wa gori cewa addininsa na marayu ne da kutare da masu neman magani kyauta, yana ɗauke da wata yunwa ta musamman: yana so a gani. Yana so maƙwabci ya ga cewa Allahn da yake bi bai bar shi a wulaƙance ba. Wannan yunwa ba abin dariya ba ce, na san inda take fitowa. Amma ita ce ƙofar da son duniya ya fi shigo mana ta ciki, domin yana shigowa sanye da rigar kishin addini. Mutum ya ci bashi ya yi bikin da ya fi ƙarfinsa ya ce don kada a raina Kirista. Ma'aikaci ya taɓa abin da ba nasa ba ya gina gida, ya kira fasto ya keɓe gidan da addu'a, a ce Ubangiji ya ɗaukaka sunansa a unguwa. Wa zai tashi a wannan taro ya tambayi albashinsa nawa ne?

Da koyarwar wadata ta ƙetaro daga Najeriya, irin wadda Benson Idahosa ya yi suna da ita a Benin, ta kaset da rediyo, sannan tauraron ɗan'adam, yanzu kuma ta waya, ta tarar da ƙasa a jiƙe. Ba sai ka shiga majami'ar da ke koyar da ita ba, ta riga ta shiga bakin kowa, har na masu sukarta. Wanda ke shakka ya zauna ya saurari lokacin shaida na Lahadi huɗu a jere, ya riƙe alƙalami. An sami aiki, an ci jarrabawa, an sayi fili, biza ta fito, kaya sun tsallake duwan lafiya. Duka abin godiya ne, ni ma ina tafawa. To amma yaushe rabon da wani ya miƙe ya ce, 'yan'uwa ku taya ni godiya, an kawo mini cinikin da zai fitar da ni daga bashi, na ga akwai ha'inci a ciki na bari, har yanzu bashin yana kaina? Yaron da ke zaune a benci na baya yana lissafi ko da bai sani ba. Bayan shekara goma yana jin irin shaidar farko bai taɓa jin ta biyu ba, abin da ya koya shi ne Allah hanya ce ta samun abin duniya. Ranar da ya gano wata hanyar da ta fi sauri, da wace hujja za a tsayar da shi?

Akwai wani mutum a Sabon Alkawari da ya kamata malaman makarantar Lahadi su riƙa ba yara labarinsa fiye da yadda ake yi, wato Dimas. Sau uku kawai aka ambace shi. A wasiƙar Kolosiyawa yana aika gaisuwa tare da Luka likita. A wasiƙar Filimon, Bulus ya lissafa shi cikin abokan aikinsa. A Timoti ta biyu, lokacin da Bulus ke ɗaure yana jiran ƙarshensa, sai muka ji Dimas ya bar shi ya tafi Tasalonika, kuma dalilin da aka bayar shi ne ƙaunar duniyar nan. Abin lura, ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya yi zina ba, ba a ce ya yi musun Almasihu ba. Tasalonika babbar tashar jiragen ruwa ce a kan babbar hanyar fatake, gari ne na ciniki, kuma akwai ikilisiya a cikinsa. Ba abin mamaki ba ne in Dimas ya ci gaba da zuwa sujada a can, yana ba da baiko mai kauri, ana gaishe shi da girmamawa a matsayin wanda ya taɓa tafiya da manzo. Da jerin kakanninmu za a auna shi, da ya wuce sumul. Abin da ya faru kawai shi ne an kai ranar da abu biyu suka ja shi, zama kusa da ɗaurarre da kuma zaman lafiyar kansa, sai aka ga wanda ya fi nauyi. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, amma ana iya daɗewa da su a kumatu ba wanda ya sani.

Mu zo makaranta, inda na fi sanin abin da ke gudana. Duk shekara idan jarrabawar BEPC da BAC ta matso, majami'u kan kira 'yan jarrabawa gaba a ɗora musu hannu, iyaye mata su yi azumi. Madalla. A cikin makon nan kuma wasu daga cikin iyayen nan suke bin dare suna neman wanda ya san wani, ko wanda aka ce yana da tambayoyin a waya. Na taɓa jin uwa, mace mai himma a zumuntar mata, tana cewa ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Yaron da aka yi wa haka ya ga abu biyu a mako ɗaya: ya ga an durƙusa, ya ga an miƙa ambulan. Idan sakamako ya fito ya ci, ranar Lahadi za a kai shi gaba a yi godiya, shi kuwa ya san wanne ne ya yi aikin. Wannan yaro an gama da shi a sha'anin addu'a, ko da zai ci gaba da rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa har ya yi furfura. Kuma ba wayarsa ce ta yi masa haka ba.

Mu malamai ma da namu. Akwai mai rage darasi a aji ya ajiye cikonsa sai a karatun yamma na kuɗi, ta yadda ɗan mai hali zai ji sharhin, ɗan mai tallan ƙosai ya tashi da kan magana kawai. Akwai mai ɗaga maki daga takwas zuwa goma cikin ashirin saboda uban yaro ya aiko da buhun gero. Akwai wanda ake gani a aji kwana uku, sauran kwanakin yana shagonsa. Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi: malamin kwantaragi da ke jiran ɗan abin da ake ba shi, wata ya ƙare bai gani ba, mai gidan haya yana ƙwanƙwasa ƙofa, da me zai ci? Ba zan tsaya a kan cikin da ya ƙoshi in yi wa mai yunwa wa'azi ba. Karatun yamma halal ne in an cika na safe, sana'a a gefe halal ce in ba a saci lokacin yara ba. Haƙƙinmu kuma a wurin gwamnati yake, can ya kamata a neme shi da ƙarfi, ba a aljihun marayan da ke zaune a layi na uku ba. Malamin da ke jagorantar addu'ar safe a majami'a, ɗalibansa Musulmi arba'in kuma sun san farashin makinsa, ya riga ya yi musu wa'azin da ba za su manta ba. Yawancinsu ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, shi ne kaɗai littafin da za su karanta a kan abin da ake kira Kirista.

Labarin Gehazi, baran annabi Elisha, ya dace da mu ma'aikata. Na'aman ya warke daga kuturta, ya kawo dukiya, annabi ya ƙi karɓa domin kada baƙon ya koma ƙasarsu da tunanin cewa alherin Allah na sayarwa ne. Gehazi ya bi shi a guje ya ƙaga ƙarya, har ya sa sunan baƙi mabukata a ciki, ya karɓi azurfa da riguna ya ɓoye, ya dawo ya tsaya gaban maigidansa kamar ba abin da ya faru. Bai bar aikin Allah ba, yana ciki tsundum, ya dai buɗe ɗan shago a bayansa. (A nan zan roƙi masu koyar da wannan labari su yi hattara. Mu da Danja ke kusa da mu mun san kuturta ciwo ce da magani ke warkarwa, ba tambarin zunubi ba. Kada yaro ya fita daga aji yana kallon masu jinya a matsayin 'ya'yan Gehazi.)

Yanzu wani zai ce, to malam, so kake mu zauna cikin talauci mu kira shi tsarki? A'a, an taɓa gwada wani abu mai kama da haka a nan, bai haifar da ɗa mai ido ba. Shekaru da yawa 'yan mishan sun fi ba da ƙarfi ga koya wa mutane karatun Hausa don su karanta Littafi, suna ɗari-ɗari da ilimin boko na Faransanci, wani ɓangare saboda tsoron kada ya ja masu bi zuwa duniya, wani ɓangare kuma saboda gwamnatin mulkin mallaka ba ta sakar wa mishan masu jin Ingilishi mara ba. Masu bi na ƙasa ne suka matsa sai an ba 'ya'yansu ilimin da zai kai su wani wuri, kuma sun yi gaskiya. Barbara Cooper ta bi diddigin wannan takaddama a littafinta na 2006 a kan Kiristocin yankin Maraɗi. Makarantar firamare ta Tibiri da ta zo daga baya ta fitar da ma'aikata da malamai da ikilisiya ke tinƙaho da su yau. Littafi Mai Tsarki kansa bai zagi samu ba. Ibrahim mai garke ne, Lidiya 'yar kasuwar tufafi masu tsada ce kuma a gidanta masu bi na Filibi suka taru, Bulus yana ɗinkin tanti don kada ya zama nauyi a kan kowa. Manomin Jiratawa da ke tashi tun asuba yana ban ruwa, yana yankan zogale a kai kasuwar Maraɗi, yana lissafin kuɗin ruwa da na taki, ba son duniya yake yi ba, ciyar da iyali yake. In layin ruwansa ya faɗo ranar Lahadi da safe ya makara sujada, ni ba zan ɗaga masa gira ba. Na fi damuwa da wanda bai taɓa makara ba amma mudunsa biyu ne, na saye da na sayarwa.

Abin da ya fi taimaka mini wajen bayyana wa ɗalibai wannan bambanci daga gonakinmu ya fito. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya zo Maraɗi aiki da SIM a farkon shekarun 1980, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin da ke cikin gonaki, waɗanda manoma ke sarewa su ƙone kowace shekara, ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. Abin da ya hana su zama itace shi ne toho ya yi yawa, kowanne yana jan ruwa, ba wanda ke tsawo. Dabarar da aka kira sassaben zamani ita ce a zaɓi 'yan ƙalilan mafi ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa dawowa ana gyarawa. Da wannan aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Duk wanda ya bi hanyar Tibiri ko ta Madarunfa ya ga kalgo da gawo da sabara a tsaye cikin gero ya ga aikin. Abin da nake so a lura da shi shi ne rassan da ake datsewa ba guba ba ne. Daga saiwa ɗaya suka fito da wanda aka bari, kuma in an datse su ba a zubarwa, makamashi ne da abincin dabbobi. Son gida mai kyau, son yaro ya ci jarrabawa, son a girmama ka a unguwa, duka rassa ne masu amfani. Matsalarmu muna so kowannensu ya zama gangar jikin itacen, ba ma yarda a sa wa ko ɗaya wuƙa, sai mu shekara talatin muna kurmi.

Wurin da rashin datsewar nan ya fi cutar da matasa shi ne aure. Mun haɗa nauyin al'adar Hausa da na Turawa muka ɗora a kan saurayi ɗaya: sadaki da lefe da kayan gaisuwa, sannan farar riga da kwat da kek da jerin motoci da hayar wurin walima, ga anko kala biyu ko uku. Iyayen amarya su ma su ci bashin kayan ɗaki don kada a yi da su. Saurayin da ke koyarwa a ƙauye zai shekara nawa yana tara wannan? A cikin shekarun jiran nan ne ake samun abin da muke kira faɗuwa, sai a dakatar da yarinya daga cin jibin Ubangiji, a sanar a gaban jama'a, uwayen da suka tsawwala kuɗin kuwa suna zaune a layin gaba da ɗaurin kallabi. Wata yarinyar kuma ta gaji da jira ta bi wanda ya shirya, ko daga ina yake, sai mu ce duniya ta ruɗe ta. Ya kamata mu yarda cewa a nan maƙwabtanmu sun riga mu yin magana. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka jawo matasa da 'yan kasuwar Maraɗi zuwa Izala shi ne sukar da ta yi wa almubazzarancin biki da suna. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, sun gane cewa tsadar biki magana ce ta addini. Mu har yanzu muna ɗaukarta maganar mata.

Ko shugabancin ikilisiya bai tsira ba. EERN, wadda ta gaji aikin SIM, ta dare a wajen 1990, aka sami ƙungiyoyi irin su UEEPN, kuma wanda ya bi labarin ya san maganar shugabanci da riƙon dukiya ta fi maganar koyarwa yawa a ciki. Ban kawo wannan don tone-tone ba, kowane ɓangare yana da mutanen kirki da suka yi aiki. Na kawo shi ne don matasan da suka tashi bayan haka sun ji labarin a gidajensu, kuma sun iya haɗa biyu da biyu. Hananiya da Safiratu ma ba rowa ce ta kashe su ba. Sun sayar da fili, sun kawo kuɗi, Bitrus kuma ya nuna musu cewa da filin da kuɗin duka nasu ne, ba wanda ya tilasta su. Abin da suka nema shi ne su riƙe wani kashi, su kuma sami sunan waɗanda suka ba da duka.

Mun san wuta a garin nan. A Nuwamban 2000, lokacin tarzomar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an kai wa majami'ar Vie Abondante hari a Maraɗi. A Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai. A daren 15 ga Yunin 2019, bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada, aka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwarmu ta Zariya wuta, har da motar fasto. Maƙwabta Musulmi da yawa sun yi baƙin cikin abin, wannan ma a faɗe shi. Abin da na lura shi ne irin waɗannan ranaku ba su cika raba mu da 'ya'yanmu ba. A ranar tsoro yaro yana ganin ubansa ya zaɓi abu mai tsada, ya sa riga ya tafi sujada alhali ana cewa a zauna gida, kuma wannan yana shiga zuciyarsa fiye da wa'azi ɗari. Waɗanda na ga sun sulale, a kwanakin lafiya suka sulale, a hankali, ba faɗa ba gardama. Ba su ce Almasihu ƙarya ne ba. Sun dai duba sun ga manyansu ma ba su ɗauke shi da nauyin da suke faɗa ba, sai suka daina wahalar da kansu da riya.

Don haka ina da roƙo ga dattawan ikilisiyoyinmu, daga Zariya har Tibiri da Jiratawa, kuma roƙon na kuɗi ne, domin a nan maganar take. Bana ma za a sami iyayen da za a kawo wa tayin sayen jarrabawa su ƙi, ɗansu kuma ya faɗi. Wannan gida zai biya kuɗin maimaita aji, zai sha surutun dangi, yaron zai ga sa'o'insa da aka saya wa sun wuce shi, kuma zai tambayi uwarsa abin da gaskiyar ta amfana masa. A yanzu irin wannan gida shi kaɗai muke bari da kunyarsa, ranar godiya ma ba ya zuwa. A nemo su. Fasto ya taka har gida ya zauna da yaron. A ware wani abu daga baiko don kuɗin shekarar da zai maimaita, malamai masu bi na unguwa kuma su ɗauki karatun yammansa ba tare da karɓar ko dala ba. Ma'ajin zumuntar mata ya fito da littafinsa a lissafa abin da ankon Kirsimetin bara ya ci, a ajiye shi kusa da kuɗin makarantar yaro ɗaya na shekara, a karanta wa jama'a lambobin biyu ranar Lahadi kafin a zaɓi atamfar bana.